Tambayarku, Amsarmu: Wa ya rushe ganuwar Karak?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗanka ne, ɗalibi a ajin ƙarshe na lise a nan Maraɗi, ina zaune unguwar Mokoyo. Wani abokina ya turo mini hoto a WhatsApp na wani ƙaton kangon dutse a bisa tsauni. An rubuta a ƙasan hoton wai gidan yaƙin Nasara ne a ƙasar Jodan, sunansa Karak, kuma Salahuddin Ayyubi ne ya rushe shi ya bar shi haka. Gaskiya ne? Me ya kai su gini can sama? Kuma don me mu a ƙasar Hausa ba mu da irinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawar da ke gabanka. Na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya kafin ka tura hoton gaba, domin rabin abin da aka rubuta a ƙasansa ne gaskiya. Karak yana Jodan, kuma Turawan yaƙin Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka zo yaƙin ƙwace Ƙudus, su ne suka kafa harsashinsa. Amma Salahuddin, sarkin Masar da Sham, bai rushe shi ba. Karɓe shi ya yi, kuma Musulmi suka riƙe shi, suka ƙara masa gini, suka zauna ciki ɗaruruwan shekaru. Turawan nan shekara 46 kacal suka yi a ciki, daga 1142 zuwa 1188.

Bari mu fara da wurin, don sai ka san wurin za ka gane sauran. Garin Karak yana wajen kilomita 140 kudu da Amman, gabas da tekun nan mai gishiri da Larabawa ke kira Bahar Luɗ. Tsaunin ya kai kusan mita 1000 bisa teku, kuma kwaruruka masu zurfi sun kewaye shi ta fuska uku. Ginin kansa ya kai tsawon mita 220, yana da faɗi ta arewa, yana tsukewa ta kudu. Ta arewar nan, inda tsaunin ya haɗe da gari, maginan suka sassaƙe dutse suka yi gwalalo mai zurfi, don ko abokin gaba ya ci garin, kada ya iya taka ƙafa zuwa ƙofa. Ta gabas kuma suka shimfiɗe gangaren da duwatsu masu santsi yadda ba a iya hawa. Ruwa kuwa na sama suke tarawa a manyan ramuka da aka sassaƙa aka yaɓe. Yawancin abin da ya rage da kyau yau ma ba a sama yake ba, yana ƙarƙashi: dogayen zaurukan dutse masu rufin bakan gizo, inda ake ɗaure dawaki, da ma'ajin hatsi, da madafa, da kurkuku.

Abin da ya kai su can hanya ce. Tun zamanin da, babbar hanyar da ta taso daga Dimashƙa ta nufi kudu a bisa waɗannan tuddai take bi. Can gaba ta rabu biyu, ɗaya ta yi Masar, ɗaya ta gangara Madina da Makka. Duk wanda ya zauna Karak da mahaya ɗari biyu ko uku, to ya riƙe wuyan fatake da alhazan Sham. Kai ɗan Maraɗi ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka tuna 2023 da aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Ɗan Isa, kaya suka yi tsada a babbar kasuwa cikin ƴan kwanaki. To, Karak ƙofa ce irin wannan, sai dai mai tsaronta baƙo ne, kuma shi ke buɗewa da rufewa yadda ya ga dama.

Turawan nan, waɗanda Larabawa ke kira Faranj domin yawancinsu daga Faransa suka fito, sun ci Ƙudus a 1099. A 1115 sarkinsu Baldwin na farko ya gina sansanin Shaubak can kudu. A 1142 kuma wani hakiminsu mai suna Pagan ya fara ginin Karak, ya mai da shi mazaunin mulkin duk ƙasar da ke ƙetaren kogin Jodan. Da farko haraji suke karɓa, ayari ya biya ya wuce. Nuruddin Zanki, sarkin Halab da Dimashƙa, ya taɓa kawo wa Karak hari a 1170, Salahuddin ma ya zo a 1173, ba a yi wani abin kirki ba.

Abin ya ɓaci ne da zuwan mutum ɗaya, Renald na Shatiyon, wanda marubutan Larabawa ke kira Arnaɗ. Wannan mutum ya taɓa mulkin Antakiya, Musulmi suka kama shi, ya shafe wajen shekara 15 a kurkukun Halab. Da aka fanshe shi a 1176 sai ya auri Istefani, matar da ta gaji Karak, ya zama shi ne mai gida. Ya fito daga ɗauri da ƙullin da bai taɓa kwancewa ba. Wajen ƙarshen 1182 ya yi abin da ba a taɓa ji ba. Ya sa aka sassaƙa jiragen ruwa, aka ɗora su gunduwa-gunduwa a kan raƙuma har bakin teku a Aila, wato Aƙaba ta yau, aka harhaɗa su, aka sake su a Bahar Maliya. Suka ƙona jiragen fatake, suka afka wa tashar Aizab inda alhazai ke hawa jirgi zuwa Jidda, suka nutsar da jirgin alhazai, har suka sauka a gaɓar Hijaz. Al-Adil, ƙanen Salahuddin da ke riƙe da Masar, ya tura sarkin yaƙinsa na ruwa Husamuddin Lu'ulu'u ya bi su ya murƙushe su a farkon 1183. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, yana kan hanyar hajji a shekarar, kuma ya ga wasu daga cikin kamammun ana zagayawa da su a Iskandariyya. Arnaɗ dai bai shiga hannu ba.

Daga nan Salahuddin ya sa Karak a gaba. A watan Nuwamba na 1183 ya zo da runduna ya yi masa ƙawanya, ya kafa majaujawa, irin manyan na'urorin katako masu cilla duwatsu, ana ta lugude dare da rana. Sai aka yi dace a cikin ganuwar biki ake yi. Ɗan Istefani, Hamfari, shi ne ango, amarya kuma Isabela, ƙanwar sarkin Ƙudus, yarinya ƴar shekara 11. Marubutan Faranj ɗin da kansu suka ba da labari cewa uwar ango ta aika wa Salahuddin da akusan abincin biki, shi kuma ya tambayi hasumiyar da aka kai amarya, ya ce kada a jefa mata dutse. Lokacin da nake koyarwa, duk shekarar da na kawo wannan labari sai aji ya yi tsit, kuma kullum nakan jaddada wa yara cewa daga bakin abokan gabansa aka ji shi, abin da ya ƙara masa nauyi ke nan. Ƙawanyar ba ta yi nasara ba. Sarkin Ƙudus Baldwin na huɗu, saurayi wanda kuturta ta cinye har ba ya iya hawa doki, ya sa aka ɗauko shi a kan gadon ɗauka ya taho da gudummawa, Salahuddin ya janye a farkon Disamba. Ya dawo a 1184, ya yi ƙoƙarin cike gwalalon, wannan karon ma gudummawa ta iso ya tashi.

A nan akwai abin da nake so ka riƙe. Ibn Jubair ɗin nan, da ya iso Dimashƙa a 1184, ya yi mamakin ganin Salahuddin na can yana yaƙin Karak, amma ayarin fatake na Musulmi da na Kirista suna ta kai da kawo tsakanin Dimashƙa da Akka, garin bakin teku da ke hannun Faranj, kowa na biyan harajinsa, ba mai taɓa wani. Wato ko cikin yaƙi akwai ƙa'idar da ɓangarorin biyu suka sani: sojoji su yi ta faɗansu, a bar mai fatauci da mai ibada su wuce. Laifin Arnaɗ shi ne ya taka wannan ƙa'ida. An ƙulla sulhu a 1185, amma wajen ƙarshen 1186 ko farkon 1187 ya tare wani babban ayari da ya taso daga Masar zuwa Sham, ya kwashe dukiya, ya ɗaure mutane. Salahuddin ya aika a sake su, ya ƙi. Sarkinsa na Ƙudus ma ya ce ya mayar, ya ƙi. Za ka ji ana cewa ƴar'uwar Salahuddin na cikin ayarin, amma wannan ƙari ne da ya shigo daga baya. Abin da ya tabbata shi ne Salahuddin ya yi rantsuwa in ya kama shi da hannunsa zai kashe shi.

Ranar 4 ga Yuli 1187 aka gwabza a Hiɗɗin, kusa da tafkin Ɗabariyya, rundunar Faranj ta watse, aka kama sabon sarkinsu Gi tare da Arnaɗ. A cikin hema Salahuddin ya ba sarkin ruwan sanyi, ya sha ya miƙa wa Arnaɗ. Salahuddin ya sa tafinta ya gaya wa sarkin cewa shi ne ya ba Arnaɗ ruwan, ba shi Salahuddin ba, domin a al'adar Larabawa wanda ka shayar ka ba shi amana. Daga nan ya cika rantsuwarsa. Sarkin kuwa ya bar shi da ransa. Ƙudus ta dawo hannun Musulmi ranar 2 ga Oktoba na wannan shekara, wadda ta yi daidai da 27 ga Rajab 583.

Karak duk da haka bai buɗe ƙofa ba. Istefani ta nemi a sakar mata ɗanta Hamfari, wanda aka kama a Hiɗɗin, ita kuma ta sa a miƙa Karak da Shaubak. Masu tsaron suka ƙi jin maganarta. Sai ta mai da ɗan ga Salahuddin tunda sharaɗi bai cika ba, shi kuma daga baya ya sake shi. Mutanen Al-Adil suka zauna suka tsare duk wata hanyar shiga, ba hari, ba hawan bango. Rumbu ya ƙare, suka cinye dabbobinsu har dawakin yaƙi, kuma yanzu babu wani sarki da zai kawo gudummawa. A Nuwamba 1188 suka miƙa wuya, aka bar su suka fita da ransu. Shaubak ya biyo baya a 1189. Ka ga ke nan ɗana, yunwa ce ta ci Karak, bangonsa na tsaye lokacin da aka karɓe shi. Wane mai hankali zai sha wahalar shekara biyar a kan gida, ya samu, sa'an nan ya rushe shi?

Wannan zangon da ya biyo shi ne wanda masu tura hotuna ba sa faɗa, kuma shi ya fi tsawo. Salahuddin ya ba Al-Adil Karak, ya zama ɗaya daga cikin ma'ajin dukiyar gidan Ayyubawa. Daga 1229 wani jikan Al-Adil, An-Nasir Dawud, ya mai da shi fadarsa na kusan shekara 20. Da Mamluk suka karɓi mulkin Masar, wato bayin sarki mayaƙa da suka zama sarakuna, Sultan Baibars ya ƙwace shi a 1263. Ya san wurin ciki da bai, don ya taɓa zama can yana gudun hijira kafin ya hau mulki. Mamluk ne suka gina ƙaton soron nan na kudu, wanda ya fi komai tsayi a hotunan da ake yaɗawa, suka ƙarfafa hasumiyoyi, suka faɗaɗa farfajiyar ƙasa ta yamma. Ko a hoto kana iya rarrabe aikin. Na Faranj duwatsu ne masu duhu, marasa gyara, an jera su cikin gaggawa. Na Musulmi masu haske ne, an sassaƙe su sumul. Ka koma ka duba hoton abokinka da kyau, akwai yiwuwar bangon da aka ce na Nasara ne, magina Musulmi ne suka ɗora shi.

A zamanin Mamluk, Karak ya zama wurin da ake kai ɗan sarkin da ba a so a kashe, ko sarki ya fake in fada ta yi zafi. An-Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun an kai shi can yana yaro bayan an tuɓe shi, aka dawo da shi a 1299. A 1309, da manyan fadawa suka matsa masa, ya fito Alƙahira da sunan zai tafi hajji, ya karkata ya shige Karak, ya ajiye sarauta, ya tara magoya baya, ya koma ya karɓi gadonsa a 1310, ya yi mulki har 1341. Sultan Barƙuƙ ma an ɗaure shi a can a 1389, daga can ya fito ya sake cin sarauta.

To, me ya mai da shi kango? Na farko, hanya ta bar shi. Bayan Turkawan Santambul sun ci Sham a 1516 da Masar a 1517, mulkin ƙasashen biyu ya koma Santambul, muhimmancin Karak ya ragu. Ayarin alhazan Sham kuma ya riƙa bin hanyar gabas ta bakin hamada, inda aka gina ƙananan sansanoni da tafkuna kamar na Ƙaɗrana. Jirgin ƙasan Hijaz da ya isa Madina a 1908 ma can ya bi. Gidan da ba a kashe masa kuɗi kuwa, a yankin da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce, sai ya fara zubewa, mutanen gari na ɗibar duwatsun suna gina gidajensu. Na biyu, akwai wanda ya rusa da gangan, kuma ba Bature ba ne. A 1834 mutanen Falasɗinu suka yi wa Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali na Masar, bore saboda ɗibar soja ta dole. Jagoransu Ƙasim al-Ahmad ya fake Karak. Ibrahim Basha ya biyo shi da igwa, ya ci garin, ya rusa gidaje da sassan ganuwa. Tsakanin wannan da zamanin Salahuddin akwai shekara fiye da 600. Kuma ka sani a garin Karak akwai Larabawa Kiristoci tun kafin zuwan Faranj, suna nan har yau tare da maƙwabtansu Musulmi. Baƙin ne suka zo suka tafi.

Tambayarka ta ƙarshe ta ɗan sosa mini rai, don na ji kamar kana ganin an bar mu a baya. Ba haka ba ne. Faranj ƴan tsiraru ne masu mulkin mutanen da ba nasu ba, shi ya sa suke bukatar ƙaramin gida mai ƙarfi a bisa dutse, wanda ke kare su daga na waje da na gida baki ɗaya. Kakanninmu kuwa jama'a suke karewa, sai suka kewaye gari dukansa, da rijiyoyi, da fili na noma da kiwo, don in yaƙi ya zo mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu a rufe ƙofa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano a farkon ƙarni na 12, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, wato zamani ɗaya da ginin Karak. Mu ma mun san amfanin dutse: Dala a Kano, Kufena da Turunku a Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara. Kanta na Kabi ya yi wa Surame ganuwar dutse a ƙarni na 16. A cikin Nijar ɗinmu, can arewa maso gabas bayan Bilma, kufan Jado na nan a bisa dutse, gidaje kan gidaje. Abin da ya cuce mu shi ne yawancin gininmu na ƙasa ne, shekarar da aka daina yaɓe damina ta fara cin rabonta. Maraɗi kanta, wadda Katsinawa suka kafa mulki a cikinta wajen 1819 zamanin Ɗan Kasawa, a cikin fadama take, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Ina roƙonka da ka gama jarrabawa ka nemi tsofaffin unguwarku su nuna maka inda tsohon gari yake da inda ƙofofinsa suke, ka rubuta. Masu wannan sani suna ƙarewa, kuma abin na damuna ƙwarai.

Tambaya: Malam, ni ƴar'uwarka ce daga Tibiri. Jikana ya karanta mini cewa Karak na kan hanyar alhazai. Shin kakanninmu da suka tafi Makka da ƙafa sun bi ta can?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kakanninmu na kusa, waɗanda suka tafi a ƙasa kafin jirgin sama, gabas suka yi ta Barno da Cadi da Sudan, suka hau jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda. Karak na arewa can, a hanyar mutanen Sham. Amma ya taɓa alhazanmu na da ta wata fuska. Su ta Masar suke bi, kuma a zamanin da Faranj ke riƙe da Karak da Shaubak hanyar tudu ta Sina'i ba ta biyuwa, sai a bi kogin Nilu a yi kudu, a ratsa hamada zuwa Aizab, a ƙetare teku cikin jirage masu haɗari. Girgam, wato tarihin sarakunan Barno, ya ce Mai Dunama ɗan Hume, sarkin Kanem na ƙarni na 12, ya yi hajji biyu, a tafiya ta uku ya rasu a teku. Sai zamanin Baibars ayarin Masar ya koma hanyar tudu ta Aƙaba, ita ce kuma Mansa Musa na Mali ya bi a 1324. Sarkin da ya karɓi baƙuncinsa a Alƙahira shi ne An-Nasir Muhammad ɗin nan da ya yi zaman Karak har sau biyu.

In Allah ya sa wani naki zai je Jodan, ki ce masa kada ya tsaya ga ganuwar kaɗai. Wajen kilomita 12 kudu da Karak akwai Mu'uta, inda aka yi yaƙin nan a shekara ta 8 bayan hijira, wato 629, wanda Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya suna riƙe da tuta, kafin Khalid ɗan Walid ya karɓe ta, Allah ya ƙara musu yarda. Ƙaburburansu na garin Mazar da ke dab da wurin, kuma a yini ɗaya ana iya ziyartar su a ga Karak a koma Amman.